Tafiyar ayari a cikin tsaunuka da ƙaramin babur: in bi su ko in haƙura?

Mai_Jan_Babur:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma zan ɗan ja zance, a yi mini haƙuri.

Mu takwas ne abokai, mun shirya tafiyar kwana huɗu a kan babura watan gobe. Zuwa da dawowa zai kai kilomita 1,100, kwana biyun tsakiya kuma duk a cikin tsaunuka za a yi su. Wanda ya tsara hanyar ya ce wuri mafi tsayi da za mu ƙetare ya kai mita 2,500. Na ga hotunan wajen. Titi ya nannaɗe jikin dutse kamar rawani, can ƙasa kwari ne kore shar, gajimare yana yawo a ƙarƙashin ƙafar mutum. Tun ranar raina ya biya.

Damuwata ita ce ni ne auta a cikinsu ta kowace fuska. Babur ɗina mai cc 200 ne, na sauran daga 400 ne zuwa sama, akwai masu 650 guda biyu, akwai mai 900. Shekarata uku ina tuƙi, amma kusan duk a miƙaƙƙiyar hanya, daga gida zuwa wurin aiki.

Sai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Bara mun yi 'yar tafiya ta yini ɗaya, mu biyar daga cikin waɗannan, muka hau wani tsauni mai doguwar gangara, kilomita goma sha wani abu, kwanoni ɗaya bayan ɗaya. Hawan na yi shi lafiya, sai dai ni na iso ƙarshe. Da aka juyo gangarowa, tun a kwana ta uku suka ɓace mini. Ina hango jar fitilar na bayansu tana leƙowa tana ɓuya, ni kuma na ce wallahi yau ba za a ce an jira ni ba. Ƙafata tana kan birkin baya tun daga sama, ban ɗaga ba. Wajen tsakiyar gangarar na iso wata kwana ta hannun dama, na taka, sai fedar ta tafi ƙasa sulluɓ kamar na taka soso. Na sake takawa, babu komai. Na damƙi na gaba da ƙarfin tsiya, babur ya miƙe ya ƙi shan kwanar, na tsallake layin tsakiya na fita ɗaya gefen. Allah ya sa babu motar da ke tahowa. Na tsaya a cikin tsakuwa, taku uku tsakanina da bakin rami.

Na sauka na zauna a kan wani dutse, gwiwoyina suna rawa, ƙaurin birki ya cika mini hanci. Bayan kamar minti goma sha biyar na taɓa fedar, sai ga birki ya dawo ras kamar ba shi ba. Na lallaɓa na sauka. Da na iso suka ce ina na tsaya, na ce hoto na tsaya ɗauka. Har yau akwai mai tambayata hoton nan.

Na kai babur ɗin wajen gyara, aka taka, aka ce birki lafiyarsa ƙalau. To me ya faru ke nan? Babur irin nawa zai iya hawa mita 2,500 da kaya a baya? Idan na je, a ina ya kamata in tsaya a layi? Ko kuwa in ƙirƙiro uzuri in yi zamana?

Tsohon_Bakanike:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka fara gode wa Allah, sannan ka amsa mini abu biyu: yaushe rabon da a canja man birkin nan, kuma a wace giya ka gangaro?

Tun kafin ka amsa zan gaya maka abin da ya faru, don ba sau ɗaya na ga irinsa ba. Man birkinka ne ya tafasa. Shi birki ba ya wani aiki sai mayar da gudu ya zama zafi. Da ka ɗora ƙafa tun daga sama ba ka ɗaga ba, faifan bai samu damar shan iska ba, zafin ya bi ƙarfe har ya isa ga mai. Sabon mai irin DOT 4, wanda yawancin babura ke sha, ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius. Amma man birki yana da mugun hali guda, yana zuƙar danshi daga iska sannu a hankali, ko da ba a buɗe murfinsa ba. Idan ya sha ruwa, digiri 155 kaɗai aka lamunce maka. Dubi ratar. Da ya tafasa sai tururi ya cika tiyo, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura komai, shi ya sa ƙafarka ta wuce ƙasa. Da ya huce ya koma ruwa, birki ya dawo. Wanda ya taka maka a wajen gyara bai yi ƙarya ba, a sanyi ya taka.

Akwai wani nau'in ɓatan birkin daban, feda tana nan da tauri amma babur ba ya tsayawa. Wannan takalman birkin ne suka ɗau zafi suka daina kamu. Naka ba shi ba ne, tunda ka ce soso.

Je ka a zubar da tsohon man gaba da baya, a zuba sabo daga kwalbar da aka ɓare a gabanka, a fitar da iska. Duk shekara biyu ake yi. Ka karanta abin da aka rubuta a kan murfin, shi za ka zuba. Kada wani ya ce maka DOT 5 ya fi 4 don lambarsa ta fi girma, wannan jinsinsa daban ne, ba sa haɗuwa. A duba kaurin takalman kuma.

Gangara da inji ake yin ta. Giyar da za ka hau wurin da ita, da ita za ka sauka, lamba biyu ko uku, ka saki totur inji ya riƙe ka. Zai yi ƙara, ƙyale shi, ba abin da zai same shi. In kwana ta matso ka kama birki sosai na ɗan lokaci tun babur yana tsaye a miƙe, ka rage gudun da kake son ragewa, ka saki. Kuma na gaba ne mai aikin, kusan kashi 70 cikin 100 na tsayawa daga gare shi yake. Kai ka ɗora wa ƙaramin faifan baya nauyinka da na babur tun daga ƙolin tsauni.

Batun hawa kuwa, zai hau. Sai dai iska tana yin shara-shara in an yi sama, inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300. A mita 2,500 kusan kwata ya tafi, mai ƙarfin doki 16 ya koma kamar mai 12. In naka mai kafireto ne za ka ji yana ɗan shaƙewa, fetur ya yi wa iskar yawa, fulogi zai yi baƙi. Kada ka bari a kwance maka kafireto saboda kwana biyu. A wanke matatar iska, ka sa fulogi ɗaya a aljihu, in ya yi nauyi ka sauko da giya. In mai injekta ne shi zai daidaita kansa, amma ƙarfin da ya tafi ya tafi. Masu 650 ma za su rasa nasu kwatan, sai dai su suna da rara.

Mai_Jan_Babur:

Baba na gode ƙwarai. Man birkin nan tun da na sayi babur ɗin ba a taɓa shi ba, ni baƙin mai kaɗai na san ana canjawa. Giya kuwa, kunya ta kama ni. A firi na sako shi a wurare da dama, wai ina tattalin fetur.

Tsohon_Bakanike:

Inna lillahi. Firi a gangarar dutse! Fetur ɗin da ka tattala bai cika kofin shayi ba, ɗana. Kada ka ƙara.

Madugun_Ayari:

Baba ya gama da ƙarfe, bari ni in taɓa mutane, don a ganina jar fitilar da kake bi ita ta kusa kai ka ramin nan, man birki ƙarasawa kawai ya yi.

Na fi shekara goma ina jan ayarin babura, kuma akwai abin da na gaba ba sa ganewa sai sun taɓa zama a baya. Layin babura kamar roba yake. Na gaba ya fito daga kwana ya buɗe totur, na biyu ya bi bayan daƙiƙa ɗaya, na uku bayan wata daƙiƙar. Kafin abin ya iso kan na takwas rata ta buɗe, dole ya yi gudun da ya fi na kowa kafin ya cim musu, ya iso kwana ta gaba a guje, ya ci birkin da ya fi na kowa. Wato an ɗauki wanda ya fi ƙarancin gwaninta, mai injin da ya fi ƙanƙanta, an ba shi aikin da ya fi wuya. Shi ya sa a wurina sabon shiga yana bin bayan madugu kai tsaye, inda zan riƙa ganinsa a madubi ina daidaita gudu da shi. Ƙarshen layi na gwani ne, mai ɗauke da kayan faci da sifanu, wanda ba ya wuce kowa komai rintsi.

A miƙaƙƙiyar hanya ana jeruwa a karkace, ɗaya a gefen hagu na layin, na bayansa a gefen dama, da tazarar daƙiƙa biyu tsakaninka da wanda ke saitinka. A gudun kilomita 60 daƙiƙa biyu mita 33 ne, ya fi yadda mutane ke zato. Amma da an shiga kwanoni wannan jerin ya ƙare, kowa ya bi bayan kowa a layi ɗaya, a ƙara tazara, kowa ya samu faɗin layinsa gaba ɗaya.

Kwanar da za ta ba ka wahala ita ce wadda ke juyowa baya gaba ɗaya, kamar an lanƙwasa ƙarfe gida biyu. Na koyi darasinta a Stelvio, a arewacin Italiya. Hanya ce da aka gina tsakanin 1820 da 1825, ƙolinta mita 2,757, kuma ta ɓangaren arewa akwai irin wannan kwana har 48, kowace da lambarta a rubuce, kana hawa lambar tana raguwa. Na hayo da babur na haya mai nauyi, ina ji da kaina. A wata kwana ta hannun dama na shiga a lamba biyu, na manne wa gefen ciki, inda hawan ya fi tsini. Na ɗaga kai na ga mota tana saukowa, na saki totur, inji ya mutu. Na miƙa ƙafar dama in dafa ƙasa, ashe ƙasar ta yi nisa, titin ya karkata. Haka na kwanta a hankali kamar raƙumi, babur a kaina, ba gudu ba komai. Wasu masu keke biyu, tsofaffi, su suka ɗaga ni. Tun daga nan nake shiga irinta a lamba ɗaya, in fara daga wajen layina, in ɗan riƙe kuloci rabi, totur a buɗe kaɗan ba yankewa, ƙafa tana shafar birkin baya, kai kuma a juye gaba ɗaya ina kallon inda zan fita. Nan ne wurin aikin birkin baya, a tafiyar hawainiya. Ka samu fili ka riƙa juyawa cikin da'ira ƙarama hagu da dama kafin ranar, da kayanka a ɗaure.

Abu biyu ka kai wa mai tsara muku hanya. Kada ya raba 1,100 gida huɗu ya ce 275 kullum. A lissafina, in an haɗa da tsaye-tsaye, da wuya ayari ya wuce kilomita 40 a awa a cikin dutse, don haka kwana biyun tsakiya kada kowannensu ya haura 200. Sannan wurin shan mai da ƙaramin tanki ake auna shi, wato naka. Kuma in hanya ta matse kuka haɗu da mai hawa kuna saukowa, ku ba shi hanya. A Suwizalan doka ce, a ko'ina kuma hankali ne, don mai hawa in ya tsaya tashi yana masa wuya.

Ka je, ƙanena. Babur ɗinka ya isa.

'Yar_Tsauni:

Yaya Madugu, da girmanka, amma a batun sa shi na biyu ban yarda ba, don ni an taɓa sa ni a wurin.

Da mai 250 na fara. Tafiyata ta farko cikin dutse aka ce in bi bayan madugu, mu bakwai. Duk lokacin da na kalli madubi fitilu biyar nake gani a jere, ina jin ƙugin injinansu a ƙeyata. Babu wanda ya yi mini hon, babu wanda ya ce uffan, amma na san ni na tare su, sai na riƙa shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfina don kada in ɓata musu tafiya. Da muka tsaya kafaɗuna sun ƙage, kuma ban iya tuna ko dutse ɗaya da muka wuce ba. Mutumin da ya ce hoto ya tsaya ɗauka don kada a san birkinsa ya ɓace, kana ganin zai iya jure fitilu shida a bayansa?

Ni shawarata ya zama na biyun ƙarshe, gwani ɗaya a bayansa mai haƙuri, wanda ya yarda tun daga gida cewa yau ba ranar gudunsa ba ce. Matsalar robar da ka faɗa gaskiya ce, amma tana tasowa ne in ana ƙoƙarin cim ma na gaba. Ƙungiyoyin masu babura a Ingila suna da dabarar da ke kashe ta. Duk inda hanya ta rabu, madugu zai nuna wa wanda ke bayansa wuri, ya tsaya inda za a gan shi yana nuna hanya, ba zai motsa ba sai na ƙarshe ya iso, ko da minti ashirin ne, sannan ya shiga gabansa. Da haka babu mai ɓata, babu mai buƙatar ganin fitilar kowa. Masu son gudu su yi abinsu, su ne ma za su riƙa tsaron mararraba suna hutawa.

Ɗan'uwa, koma kan labarinka. Ka ce taku uku tsakaninka da rami. Na tabbata tun da birkin ya ɓace idonka yana kan bakin ramin nan. Babur inda ido ya kalla yake zuwa, wannan ba camfi ba ne, kai da kafaɗa da hannu duk bin ido suke yi. Ka koya wa kanka kallon inda kake son bi, ko da zuciyarka tana ce maka ga abin tsoro can. Wannan ne kuma ya sa kallon kyan wuri yake da haɗari. Kwarin nan kore shar da ka gani a hoto zai bayyana ne daidai lokacin da kake tsakiyar kwana. Ku yi alƙawari tun farko za a tsaya a wuraren kallo, a kashe inji, a cire hular kwano, a kalla a ƙoshi. A kan titi kuwa kwalta za ka kalla, musamman kwanar da ke cikin inuwa, don ita ke daɗewa da laima, nan kuma tsakuwar da ta zubo daga dutse ke taruwa.

Babu wanda ya yi maka maganar sanyi. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000. In ka taso daga mita 500 ana digiri 30, a ƙoli 17 za ka tarar, ga iskar gudu a kai, in hazo ya sauko kuma sai yadda hali ya yi. Na taɓa barin Marakesh ta Maroko ina gumi, kafin in kai Tizi n'Tichka, mita 2,260 a tsaunukan Atlas, yatsuna sun daskare har ba na jin hannun birki sosai. Safar hannu mai kauri da rigar ruwa su zauna a saman jaka inda hannu zai kai, ka tsaya ka sa su tun kafin ka fara karkarwa. Wajen mita 2,500 wasu sukan ji ɗan ciwon kai da haki, ka sha ruwa, kada ka yi garaje.

Sannan ka gaya wa abokanka gaskiyar abin da ya faru bara. Mutum bakwai za su tsara tafiya da kai a kan labarin hoto.

Saurin_Walkiya:

Oga duk wannan dogon bayani na mene ne? Sayar da ɗan 200 ɗin nan ka nemi babba, magana ta ƙare. Dutse ba wurin wasan yara ba ne.

Tsohon_Bakanike:

Yaro, wata ɗaya ya rage, kana son ya hau dutse da babur ɗin da bai san halinsa ba? Babba ya fi nauyi, nauyi kuwa a gangara zafi ne a birki. Koma sama ka karanta da wane iri Madugu ya kwanta.

Mai_Jan_Babur:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana.

An canja man birki gaba da baya. Wanda ya fito daga na baya baƙi-baƙi ne kamar ruwan kwata, sabon kuwa garai-garai, na sa an ajiye mini tsohon a kwalba don in nuna. Takalman baya sun cinye saura ƙiris, an sa sababbi. Baba, mai kafireto ne, fulogi yana aljihu.

Jiya da daddare muka haɗu mu takwas, na ajiye kwalbar a tsakiya na ba su labari tun daga firi har dutsen da na zauna a kai. Aka yi tsit. Sai mai 900 ɗin, wanda na fi jin kunyarsa, ya tambayi wanda ke kusa da shi ko shi ya taɓa canja nasa. Mutum uku cikinmu ba su taɓa ba. An yi mini dariyar hoton, ba laifi, na ci bashinta.

An rage kwana na biyu zuwa kilomita 180, an ƙara wurin shan mai ɗaya. Dabarar tsaron mararraba ta samu karɓuwa, za mu gwada ta ranar Asabar a wata 'yar hanya mai rassa. Batun wurina a layi ne aka kasa daidaitawa, huɗu suna bayan Yaya Madugu, uku suna bayan Yaya 'Yar_Tsauni. Na ce ranar farko, da yake hanya miƙaƙƙiya ce, zan bi bayan madugu, in an shiga dutse in koma na biyun ƙarshe, mai 900 ya ce shi zai tsaya a bayana.

Da'irar da aka ce in riƙa yi na fara yau da safe da jaka a ɗaure. Ta hagu tana fita, ta dama sau biyu ina sa ƙafa a ƙasa. Yaya Madugu, kulocin nan rabi ake riƙe shi tun daga shiga kwanar har fita, ko sai an kai tsakiya?